Waƙar Kunnuwan Yefim

Mu huɗu ne a ƙungiyar, sunanta Gansakuka. Rodion ne ya raɗa mata sunan, shi ne kuma shugaba, ko da yake ba wanda ya taɓa zaɓensa. Yana kaɗa jitar lantarki da gusli, wani tsohon abin kiɗa na katako mai tsirkiya da yawa da ake ɗorawa a cinya. Taisiya ce mawaƙiyarmu. Gleb yana riƙe da jita mai kaurin murya, ba ya magana sai an tambaye shi. Ni Ildar, ni ne mai ganga. Muna gwaji ranar Talata da Asabar a ƙarƙashin wata tsohuwar masaƙa a birnin Petersburg na ƙasar Rasha.

Mukan ɗauki waƙar ƙauye, baiti ɗaya ko biyu, mu shimfiɗa ta a kan bugu guda da ba ya canzawa, mu yi ta juya ta minti ashirin ko kusa da haka. Jita tana amsa-kuwwa, Taisiya tana jan murya, har mai sauraro ya manta inda aka faro. A bukukuwan bazara da ake yi a bakin daji, mutane sukan cire takalma su rufe ido su yi ta rangaji, wasu har da hawaye. Aikina shi ne kada in yi sauri, kada in yi nawa.

Waƙar da ta fito da mu, Rodion ya same ta a kasuwar gwanjo, cikin wani kwalin tsofaffin kaset-kaset na ɗaliban da suka zaga ƙauyukan arewa suna naɗar waƙoƙi. A jikin ɗaya an rubuta da fensir: Yerkoma, 1978. Muryar mace ce, tana tafiya a hankali, ana jin kukan saniya daga nesa. Ba a gane kalmomin, sai wata guda da take ta dawowa, “ima-a, ima-a”. Rodion ya yi wata biyu yana bincike, sannan ya sanar da mu cewa kalmar ta mutanen da suka zauna a dajin ce tun kafin zuwan Rashawa, kuma waƙar ta kiran rana ce bayan dogon hunturu. Taisiya ta haddace sautukan yadda ta ji su, ba ma'ana. Muka sa mata suna “Kiran Rana”. Cikin shekara guda mutum dubu ɗari huɗu suka saurare ta, Rodion kuma ya gaya wa 'yan jarida uku cewa ta haura shekara dubu.

A watan Mayun 2015 saƙo ya zo daga matar da ke kula da zauren al'adu na ƙauyen Yerkoma. Ta ce wata malamar makaranta ta ji waƙarmu a waya ta gane ta, kuma matar da ta rera ta a kaset ɗin tana nan da ranta, sunanta Ustinya Fedotovna, shekarunta saba'in da tara. Ta gayyace mu bikin ranar ƙauye a watan Yuli. Rodion ya karanta saƙon a tsaye, ya sake karantawa, ya ce dole mu je.

Mun yi kwana ɗaya a jirgin ƙasa, awa shida a mota, sannan jirgin fito ya tsallaka da mu kogin da kayanmu. Ƙauyen layi ɗaya ne na manyan gidajen katako a saman gaɓa, rabinsu an rufe tagoginsu da alluna. Sauro ya tare mu tun daga bakin ruwa.

Iya Ustinya gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, da ɗankwali fari da takalmin roba. Ba ta bari mun yi magana ba sai da muka ci burodin da aka gasa da kifi a ciki, muka sha shayi kofi bibbiyu. Rodion ya yi mata doguwar gaisuwa, ya ce mun zo ne mu yi godiya ga wadda ta riƙe mana gadon kakanni. Ta dube shi ta dubi gemunsa da ya kai ƙirji, ta tambaye shi ko limamin coci ne. Da ya ce a'a, sai ta ce a kunna mata abin ta ji.

Ta saurari minti uku cikin sha tara, ta sa Taisiya ta kashe. Ta ce ganga ba laifi, amma mun ja waƙar kamar masu jan mushen saniya daga fadama. Sannan ta tambayi Taisiya me take faɗa. Taisiya ta ce ita ma ba ta sani ba. Rodion ya shiga bayanin mutanen dā da kiran rana, yana magana yana ɗaga hannu sama. Tsohuwar ta bar shi ya kai ƙarshe.

“Wace rana kuma, mai gemu? Fima nake cewa. Yefim. Ga gidansa can, na huɗu daga nan, mai koren ƙyaure.”

Ta ba mu labarin tana share ɓarɓashin burodi da gefen hannu. Tana da shekara ashirin da uku ta haɗa waƙar. Yefim ya yi mata alkawarin aure kafin ya tafi soja, ta jira shi shekara uku, ya dawo da mata daga kudu, da ciki. Ranar da aka yi musu walima ta tsaya a ƙarƙashin taga ta rera masa baiti tara. Ta faɗi girman kunnuwansa, da gwamen ƙafarsa, da yadda ya nutsar da taraktar gonar gwamnati a kogi. Kafin mako ya zagayo har yara sun iya ta. Shekara goma sha tara bayan haka ɗalibai suka zo neman tsofaffin waƙoƙi. Ta ba su duk wadda ta sani, suka ce ƙari, sai ta rera musu wannan a hankali don ta yi kama da ta dā. Kalmomin kuwa ta haɗiye su ne da gangan, saboda matar Yefim tana zaune a benci guda da ita.

Rodion ya ce ko da kalmomin nata ne, karin waƙar tsoho ne, ta gada ne ba ta sani ba. Ta ce da shi take kiran shanu lokacin da take aikin tatsa, kuma in ma ta gada, to daga wata saniya ce mai taurin kai da ba ta dawowa sai an ja mata murya.

Taisiya ta kifa kai a tebur tana dariya har kafaɗunta suna rawa. Gleb ya ƙara shayi. Rodion ya tashi ya yi godiya yadda ya kamata, ya fita ya nufi kogi, ba mu sake ganinsa ba sai da yamma.

Kafin ya dawo Taisiya ta rubuta baitocin tara daga bakin tsohuwar. Da ya dawo aka yi musu a farfajiyar zauren al'adu, inda aka sauke mu. Shi ya ce ko dai a rera ta yadda muka saba, ko a cire ta daga jerin gobe. A ganinsa abin da mutane suka ji a cikinta shekara guda gaskiya ne, ko me mai ita ta nufa. Taisiya ta ce ba za ta tsaya gaban mutanen da suka san kowace kalma tana gwalan-gwalan ba, kuma ba a gayyato mu don wata waƙar ba. Ya kira ta mai neman tafi, ta kira shi boka mara aljani. Suka tambaye ni ra'ayina, na ce bugun iri ɗaya ne ko ta wace hanya. Gleb ya ce yana tare da Taisiya. Shi ke nan aka rinjayi Rodion.

Washegari da safe aka aike ni aron doguwar wayar wuta, domin dandamalin bayan tirela ne a filin ciyawa, nesa da zauren. Aka ce mai koren ƙyaure ne kawai yake da ita. Na tarar da shi a zaune a kan kututture yana gyaran ragar kamun kifi. Dogo ne ya ranƙwafa, kunnuwan kuma tsohuwar ba ta yi ƙari ba. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, 'ya'yansa mata biyu suna birni. Ya riga ya ji labarin komai. Ya tambaye ni mutum nawa suka saurari waƙar, na gaya masa. Ya ci gaba da ɗaure zare.

“To, kunnuwana sun riga ni zuwa Moscow,” in ji shi.

Sai ya tambaya ko za a rera baitin taraktar. Na ce ina jin za a rera. Ya ce wannan baitin ƙarya ne, ba giya ya sha ba, shugaban gona ne ya tilasta masa ya bi ta kan ƙanƙarar da ta rufe kogin a watan Afrilu, kowa ya san ta yi laushi. Ya ce sauran bai damu da su ba, amma wannan ya bi shi shekara hamsin da shida, har 'ya'yansa an tsokane su da shi a makaranta. Na tambaye shi ko yana so in ce a tsallake shi. Ya ce a'a, in aka tsallake mutane za su rera da kansu. Ya ɗauko wayar daga rumbu, ya ce in nannaɗe ta da kyau in na gama.

An fara bikin ƙarfe biyu na rana. Mutum kamar ɗari biyu ne, da 'yan ƙauyen da waɗanda suka dawo hutu daga birane. An jera tebura da gasasshen kifi da dankali da 'ya'yan itacen fadama. Ƙungiyar tsofaffin mata ta fara, sanye da jajayen riguna, sannan aka ba da kyautar gida mafi tsafta, sannan mu. Iya Ustinya tana benci na gaba a hannun dama. Yefim yana hannun hagu, ya sa kwat mai lambobin yabo biyu.

Waƙoƙinmu biyu na farko an saurare su cikin ladabi. Wasu tsofaffi sun toshe kunne. Rodion ya juya wa jama'a baya tun daga farko, yana fuskantar lasifikarsa. Da na fara bugun ta uku, Gleb ya shigo, Taisiya ta buɗe baki da baitin kunnuwa da kalmominsa ɓaro-ɓaro, sai filin ya ɗauki dariya. Ba a taɓa yi wa kiɗanmu dariya ba, na kusa ɓata bugu. Mutane suna waiwayar Yefim, shi kuwa yana kallon gabansa, hannuwansa a kan sanda.

A baiti na uku Iya Ustinya ta miƙe. Mata biyu suka tallafa mata ta hau tirelar, ta karɓi makirufo daga hannun Taisiya ba tare da ta nemi izini ba. Muryarta ta dushe amma tana da ƙarfi. Ba ta san wani abu wai shi bin ganga ba. Takan ja kalma har numfashinta ya ƙare, ta huta yadda ta ga dama, ta dawo inda ba a zata ba. Shekara goma sha biyar ina bugu kowa yana bina. A nan na daina ƙirge, na zuba ido a kan bayanta, ina sauke sanda duk lokacin da kafaɗarta ta sauka. Gleb ya biyo ni. Rodion ya yi minti guda bai taɓa tsirkiya ba, daga baya ya shigo da wani dogon sauti siriri a ƙarƙashin muryarta, ya riƙe shi. Ban taɓa jin ya yi kiɗa mai kyau kamar na ranar ba, kuma bai juyo ba.

Da ta gama baiti na tara ba ta san yadda ake tsayar da mu ba, mu ma ba mu tsaya ba, sai ta koma kan sunan. Fima, Fima. Ta yi ta maimaitawa. Dariyar ta ragu, ta ƙare. Tsofaffin matan masu jajayen riguna suka soma amsa mata ƙasa-ƙasa suna rangaji a zaune. Ban san minti nawa aka yi a haka ba.

Yefim ne ya katse. Ya tashi ya tako har bakin tirelar, ya ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. Muka yi shiru. Ya ce shi ma yana da baiti, ya haɗa shi tun a waccan shekarar, bai taɓa rerawa ba saboda marigayiya matarsa. Taisiya ta miƙa masa makirufo. Muryarsa ba ta waƙa ba ce, kuma a layi na uku ya manta, ya tsaya yana motsa leɓe. Sai ya bar waƙar ya faɗi abin da baki: wasiƙa goma sha ɗaya ya rubuto mata daga soja, ba ta amsa ko ɗaya ba.

Iya Ustinya ta sunkuyo daga saman tirelar. Ba ta riƙe makirufo ba, amma kowa ya ji.

“Na same su, Fima. Duk goma sha ɗayan. Takalmi ya matse ka, miya ba nama, sajan mugu ne. Me zan amsa?”

“Ana karanta wasiƙun kafin su fita. Me kike so in rubuta, hafsoshi su yi ta dariya?”

“Da ka bari sun yi. Ai ga shi duk duniya ta yi.”

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Ya tsaya yana kallonta. Sannan ya ce ko ma mene ne, maganar tarakta ƙarya ce, kuma ta sani. Ta ce ta sani, a lokacin ma ta sani, baitin ne ya zauna daidai. Ya gyaɗa kai, ya mayar wa Taisiya makirufo, ya koma mazauninsa. Aka sauko da tsohuwar. Mai kula da zauren ta hau ta sanar da gasar jan igiya tsakanin masu aure da gwagware.

Da yamma na nannaɗe wayar na mayar masa. Ya duba ta daga farko har ƙarshe, ya ce na iya naɗi.

Kafin jirgin fito ya taso da safe, mun je yi wa Iya Ustinya sallama. Ta ba kowa ƙunshin burodi. Rodion ya tsaya a bakin ƙofa. Ta kira shi ta ce kada ya riƙe ta a zuci, ita ba ta ce masa waƙar rana ce ba. Ta ƙara da cewa sautin nan da ya riƙe mata ya taimaka mata wajen numfashi. Ya ce ya gode. A jirgin ƙasa ya hau gadon sama ya juya fuska bango har Petersburg.

Wani ya ɗauki bikin a waya ya ɗora a intanet, ya kuwa yaɗu fiye da waƙarmu ta asali. 'Yan jaridar da Rodion ya yi wa bayanin shekara dubu ba su neme shi ba, ina jin sun manta. Shi ne bai manta ba. Mun yi wasa biyu a watan Satumba, a duka biyun jama'a suna kiran a yi musu waƙar kunnuwa, shi kuma ya ƙi. A Oktoba ya zo ɗakin gwaji da motar haya ya kwashe kayansa, ya bar wa Taisiya kwalin kaset-kaset ɗin. Ya tafi tsaunukan Altai wajen masu rera waƙa daga can cikin maƙogwaro, yana can har yanzu, ya fitar da faifai uku. Na saurare su, suna da kyau. Ba ya jin yaren mutanen, kuma an ce bai nemi koya ba.

Mu ukun mun gwada wasu masu jita biyu, abin bai zauna ba, muka bari. Gleb ya koma gyaran kwamfuta. Ni ina bugu a wata ƙungiya da ke kiɗan ƙabilar Tatar, inda na san ma'anar rabin abin da ake rerawa. Taisiya tana waƙa ita kaɗai, kuma kowace bazara tana komawa Yerkoma, ta wurinta nake jin labari.

A hunturun shekarar da muka je, Yefim ya kwaso bargonsa ya koma gidan Iya Ustinya. Ta gaya wa maƙwabta cewa wauta ce a riƙa hura murhu biyu a layi ɗaya. Ƙauyen ya sami abin magana har sabuwar shekara. Sun yi ta faɗa a kan gishirin miya da ƙarar rediyo, da ƙanƙara ta narke ya koma gidansa. Hunturu na gaba ya sake dawowa, ya sake komawa. A na uku, cikin Fabrairu, ya fita ɗebo itace ya faɗi a bakin rumbu, kafin a kawo likita daga tsallake ya cika.

Matan ƙauyen sun roƙe ta ta yi masa waƙar makoki, tunda ita kaɗai ta rage da ta iya. Ta ce ba mijinta ba ne, yana da 'ya'ya, su yi kukan ubansu. Ita ta dafa abincin sadaka, na mutum arba'in, ta wanke tukwanen da kanta. Da bazara wata 'yarta ta zo ta ɗauke ta zuwa birnin Severodvinsk. Taisiya ta ziyarce ta a can bara, a bene hawa na takwas. Ta same ta lafiya, idon ne ya yi rauni. Tsohuwar ta ce ruwan famfon birni yana ɓata shayi, ta kuma tambaya ko an sami wanda zai nome mata dankali a bana.